Darasi na 14: Dankalin Turawa da Yunwar Ƙasar Ailan

Ɗalibai, babu shakka kun san dankalin Turawa. Ana noma shi sosai a Jihar Filato, musamman a yankin Bokkos da Mangu, daga nan manyan motoci ke kai shi kasuwannin garuruwanku. Hausawa suna kiran sa dankalin Turawa ne don su bambanta shi da dankalin Hausa, wato mai zaƙin nan. A Turancin Nijeriya kuwa da sunan ƙasar Ailan ake kiran sa. A wannan darasi za ku ga abin da ya haɗa wannan abinci da waccan ƙasa.

Asalin dankalin ba daga Turai ba ne. Daga tsaunukan Andis yake, a Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Feru da Bolibiya. Manoman can suna da irinsa dubbai: akwai ja, akwai rawaya, akwai mai shuɗi-shuɗi, wani yana jure sanyi, wani yana jure cuta. Manomi ɗaya yakan shuka iri da yawa a gona guda. A ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai dankali Turai, amma iri kaɗan ne suka ƙetare teku.

Ailan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, kuma a wancan zamani yana ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Ƙidayar shekarar 1841 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 8. Yawancin filayen noma suna hannun attajirai, da yawansu ma a Ingila suke zaune. Talaka sai dai ya karɓi hayar ɗan fili. Hatsi da dabbobi na sayarwa ne don a biya kuɗin haya, abin kaiwa baki kuwa dankali ne, domin shi ne ke ba da yalwa a ƙaramin wuri. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar ba su da wani abincin kirki sai shi, safe da rana da dare. Mafi yawansu kuma iri ɗaya suke shukawa, mai suna Lampa, saboda yana yin albarka ko da ƙasa ba ta da ƙarfi.

Ku lura da wannan sosai, domin nan ne zuciyar darasin. Ba ƙwayar iri ake shukawa a sami dankali ba. Dankalin kansa ake binnewa, ko a yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar yadda kuka san ana yi da doya, ko yadda ake dasa sandar rogo. Saboda haka kowane tsiro kwafin uwarsa ne, ƙarfinsu ɗaya, rauninsu ɗaya. Cutar da ta iya kayar da tushe guda za ta iya kayar da gonakin ƙasar duka.

Haka kuwa aka yi. A shekarar 1845 wata cutar dankali ta ɓulla a Turai. Iska ce ke ɗaukar ta daga gona zuwa gona, kuma tana son sanyi da laima, abubuwa biyu da Ailan ke da su a yalwace. Ganye yakan yi baƙi cikin 'yan kwanaki, dankalin ya ruɓe a cikin ƙasa, wanda aka riga aka tona ma ya ruɓe a ma'ajiya. A 1846 ɓarnar ta fi ta bara muni. Daga 1845 zuwa 1852 mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu da yunwa, mafi yawa da zazzaɓi da ciwon ciki da suka biyo bayanta. Wasu fiye da miliyan ɗaya suka hau jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba.

Kada ku ɗora wa cutar laifin duka. Ta shiga Beljiyam da Holan, ta yi ɓarna, amma mace-macen can bai kai na Ailan ba, domin mutane suna da wani abin ci. A Ailan kuwa, ana cikin yunwar ana lodin hatsi da shanu a jiragen ruwa ana fita da su. Manomin Ailan ba wawa ba ne. Talauci da tsarin mallakar ƙasa ne suka rage masa zaɓi har ya koma guda.

Akwai wata asarar da ta shafe ku a matsayinku na masu koyon harshe. Yunwar ta fi tsanani a yammacin tsibirin, inda talakawa ke magana da harshensu na gado. Masu harshen ne suka fi mutuwa, su ne kuma suka fi yin ƙaura. Iyayen da suka rage suka ga Ingilishi ne zai amfani ɗan da zai tafi Amurka, sai suka riƙa ƙarfafa shi. A yau ana koyar da harshen Ailan a makarantun ƙasar, amma masu magana da shi kullum a gida kaɗan ne.

To, yanzu ku kwatanta gonar Lampa da gonar gargajiya ta ƙasar Hausa, inda ba cuta kaɗai ake tsoro ba, har da ɗaukewar ruwan sama. Manomi yakan shuka gero da dawa a gona ɗaya, daga baya ya sa wake a tsakaninsu. Gero yana nuna da wuri, sai a ci shi kafin damina ta ƙare. Dawa tana jira sai kaka. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabbobi ce da rani. A gefen gona ga yakuwa da rama da kuɓewa, a tsakiya ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana. Idan ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta lalace, gero ya riga ya shiga rumbu. Gaskiya ce gonar iri ɗaya ta fi sauƙin aiki da tarakta, kuma a shekara mai kyau takan fi kawo kuɗi. Amma cutar nan da ta shiga Ailan a 1845 tana nan da ranta, kuma takan kama gonakin dankali a Filato idan damina ta yi nauyi.

Tambayoyi

1. Me ya sa cuta ɗaya ta iya lalata gonakin Ailan kusan duka?
2. Ta yaya yunwar ta shafi harshen mutanen ƙasar?
3. Ku yi jimla da kowace kalma: laima, ƙaura, harawa, rumbu.
4. Ku tambayi wani dattijo a garinku sunayen irin doya, ko rogo, ko wake da ake nomawa a dā amma yanzu ba a cika ganin su ba. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin Hausa.