Amsoshin Tambayoyinku: Ko rubuta tarihin kai na rage ƙunci?

Tambayar nan ta fito daga wani malamin firamare a Sabon Birni, jihar Sakkwato, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu da ke hanyar Isa, barci ya ƙaurace masa. Shin idan ya rubuta tarihin rayuwarsa, zai samu sauƙi?

To Malam, sannu da haƙuri, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Amsar ita ce e, rubutu na taimakawa. A shekarar 1986, wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi sosa musu rai, minti 15 kullum, har kwana huɗu. Daga baya zuwansu asibiti ya ragu. Dalili kuwa, abin da ke yawo a kai ba tsari, rubutu kan ba shi farko da ƙarshe.

Saboda haka ka samu littafin rubutu, da boko ko da ajami. Kada ka fara da daren harin. Fara da gonar mahaifinka, da rumbun gero, da ranar kasuwa. A nan za ka ga cewa rayuwarka ta fi wannan dare faɗi. Ka sakaya sunayen mutane, ka adana littafin da kyau.

Amma Malam, rubutu ba ya maye gurbin likita. Idan rashin barcin ya ci gaba, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware. Allah ya ba da lafiya.