Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos: Makaɗin Jama'a

Gabatarwa

Masana adabin baka sun kasa makaɗan Hausa gida-gida, kamar makaɗan fada da makaɗan sana'a da makaɗan maza da kuma makaɗan jama'a. Wannan darasi zai duba rayuwar ɗaya daga cikin makaɗan jama'a, wato Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, domin a ga yadda ya karkatar da akalar waƙa daga yabon masu mulki zuwa ga rayuwar talaka.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne. Iyayensa duka biyu sun rasu tun yana ɗan ƙarami, sai sarkin da mahaifinsa ke yi wa kiɗa ya ɗauki riƙonsa. Wannan maraici shi ne asalin laƙabin Ɗanmaraya. Ya yi tashe ƙwarai, kuma a lokacin yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970) ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Kayan Kiɗansa

Ɗanmaraya makaɗin kuntigi ne. Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan haɗa da gwangwani a rufe bakinsa da fata. Saɓanin Mamman Shata ko Narambaɗa, waɗanda ke tafe da ƙungiyar makaɗa da 'yan amshi, shi an san shi da yin waƙa shi kaɗai. Inda ya numfasa, kuntigin ne ke karɓa masa. Wannan ya sa kalmominsa ke fita sarai, saƙon ya isa kunnen mai sauraro ba tare da hayaniya ba.

Jigogin Waƙoƙinsa

Duk da cewa ya tashi a gidan sarauta, waƙar da ta fito da shi ita ce ta “Karen Mota”, wato yaron direba mai lodi da sa wa taya waji, wanda ba kowa ke ganin darajarsa ba. Zaɓen irin wannan mutum a yi masa waƙa babban sauyi ne a al'adar da ta saba da yabon sarakuna da attajirai. Sauran jigoginsa sun haɗa da zamantakewar aure, kamar a “Jawabin Aure” da “Auren Dole”; illar tsegumi, kamar a “Gulma Wuya”; da halayen mutane, kamar a “Ɗan'adam”. Yakan tsara waƙa tamkar labari, ya sa taurarinsa su yi magana da bakinsu, sannan ya ɗora nasiha.

Kammalawa

Ɗalibai da dama sun ɗauka waƙar baka roƙo ce kawai. Aikin malami ne ya gyara wannan fahimta, ya nuna cewa makaɗi kan zama mai gargaɗi da gyaran al'umma. Waƙoƙin Ɗanmaraya hujja ce ingantacciya a kan haka, kuma sauƙin harshensu ya sa sun dace da ɗaliban ƙaramar sakandare.

Tambayoyi

1. Bambanta makaɗin fada da makaɗin jama'a tare da misalai.
2. Wane tasiri rashin 'yan amshi ya yi ga salon Ɗanmaraya?
3. Zaɓi waƙarsa guda, ka tsara darasin minti 40 a kan jigonta.