Amsoshin Tambayoyinku: Littafi Mai Tsarki a Wayar Hannu

Wata mai sauraronmu daga Kafancan ta aiko da tambaya: shin da gaske ne ana iya karanta Littafi Mai Tsarki a waya da harsuna daban-daban, har da Hausa?

To Malama, gaskiya ne. Manhajar da ta fi shahara ita ce YouVersion, wadda cocin Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ya ƙaddamar a shekarar 2008. Zuwa 2021 an sauke ta a wayoyi sau miliyan 500. Kyauta ce, kuma tana ɗauke da fassarori cikin harsuna fiye da dubu.

Sai dai a lura, ba kowane harshe ne ke da cikakken littafin ba. Harsuna ɗari bakwai da ɗoriya ne aka kammala musu shi duka. Saura kuwa Sabon Alkawari kawai suke da shi, wasu ma bishara guda. Hausa tana cikin masu sa'a, domin tun 1932 aka buga cikakkiyar fassararta, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima sosai. Daga baya an yi sababbin fassarori da Hausa mai sauƙi, kamar Sabon Rai Don Kowa.

Idan kuɗin data ne damuwarki, sauke fassarar sau ɗaya, ki riƙa karantawa ba intanet. Tsofaffin da ido ya yi musu rauni kuma, manhajar Bible.is tana karanta musu da murya su saurara.