Darasi: Kaya nawa jaki zai iya ɗauka?

Makiyayi, kafin ka ɗora wa jaki bido huɗu a bakin rijiya, yi lissafi. Kowace lita kilo ɗaya ce, bido huɗu masu lita 20 kilo 80 ke nan. Jaki mai kilo 150 kuwa bai kamata kayansa su wuce kilo 50 ba.

In kaya suka yi yawa, zuciyarsa kan buga da sauri, ya riƙa haki, takunsa ya gajarce, balle cikin rairayi da zafin rana. Jaki na ɓoye wahala, kafin ka farga miki ya fito masa a baya.

Daidaita nauyin gefe biyu, sa akumari mai laushi, ka yi sawu biyu maimakon ɗaya.