Yadda Ake Haɗa Robar da Ke Narkewa Ba Ta Cukurkuɗe Ba

Roba irin wadda aka saba gani, in ta narke, dogayen sarƙoƙin ƙwayoyinta cukurkuɗewa suke yi. Akwai jinsin foliyesta da ya saɓa wa wannan: ko ya zama ruwa, sarƙoƙinsa na nan a miƙe, gefe da gefe kamar tsinkayen tsintsiya. Gwanintar haɗa shi, a ganina, ita ce sanin yadda za a rage miƙewar nan da gangan, daidai gwargwado.

A ɗauki Vectra, wadda kamfanin Celanese na Amurka ya fitar kasuwa a 1985. Sinadarai biyu ake zubawa a tukunya, HBA kashi 73 da HNA kashi 27. Sai a dafa su da asetik anhaidirayid a zafin digiri 140 ko kusa da haka, domin bakin kowace ƙwaya ya shirya kama 'yar'uwarta. Daga nan a riƙa ƙara wuta sannu a hankali har ta haura digiri 300, ana busa iskar naitirojin don kada haɗin ya ƙone. Yayin da sarƙoƙin ke tsawo, asid ɗin da ke sa binega tsami yana fita a matsayin tururi. A ƙarshe a zuƙe iskar tukunyar don janye ragowarsa, a matso narkakkiyar robar zare-zare, a yayyanka.

Wani zai ce, tunda miƙewa ce ke kawo ƙarfi, me ya kawo HNA? Ai sarƙar HBA zalla ta fi miƙewa. Gaskiya ne, amma tana manne wa junanta har ta fara lalacewa kafin ta narke yadda za a sarrafa ta, kuma robar da ba ta zubuwa a mazubi ba ta da amfani ga masana'anta. HNA na ɗan karkata sarƙar, sai narkewa ta sauko wajen digiri 280, jeri kuma bai watse ba.

Ana tabbatar da haka ne da na'urar DSC mai nuna zafin da narkewa ke faruwa, sannan a ɗumama ɗan ƙwalli ƙarƙashin madubin ƙara girma mai tace haske. Narkakkiyar roba ta yau da kullum duhu take nunawa, wannan kuwa sai ta yi haske da zane-zane masu kama da zare.

Jerin nan yana da nasa aibi: ƙarfin yana bin inda robar ta kwarara, ta gefe kuwa tana da rauni, musamman inda kwarara biyu suka haɗu. Shi ya sa ake cakuɗa ta da zaren gilashi kafin a zuba ƙananan mahaɗan lantarki na cikin waya da kwamfuta.