Darasi: Kwanciyar Jini da Zubar Jini

A jikin babban mutum akwai jini kamar lita 5, yana gudana cikin jijiyoyi manya da ƙanana. In jijiya ta tsage, jini ya fita. In fata ta yanke, muna ganinsa a waje, wannan shi ne zubar jini. In fata ba ta yanke ba, sai ya taru a ƙarƙashinta, wurin ya kumbura, ya yi duhu, yana zafi. Shi ne ake ce wa jini ya kwanta.

Jiki yana da hanyar tsayar da jini da kansa. Wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini suna taruwa su toshe ramin, sa'an nan jinin ya daskare a kai. Hanta ce ke yin yawancin abubuwan da ke sa shi daskarewa, da taimakon bitamin K. Shi ya sa ake yi wa jariri allurar wannan bitamin ranar haihuwa.

Abin da za ku yi a gida

In jini ya kwanta, ku sa tsumma mai ruwan sanyi a wurin ranar farko. Kada a yi tsaga ko ƙaho, kada a murza. Yakan watse cikin mako 2.

In an yanke, ku danne wurin da tsumma mai tsabta har minti 10 ba ɗagawa. In tsumman ya jiƙe, ku ƙara wani a kansa. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu, don suna kawo sandarewar jiki.

In haɓo ne, wanda ya fi yawa da hunturu, mutum ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, ya matse wurin laushin hanci minti 10.

Ku zo asibiti ba jinkiri

1. In jini bai tsaya ba bayan an danne.
2. In maciji ya sari mutum. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har ya riƙa fita ta dasashi ko cikin fitsari.
3. In mace tana zubar jini da ciki, ko jini ya yi yawa bayan haihuwa.
4. In akwai aman jini, ko kashi baƙi ƙirin.
5. In jini yana kwanciya ba tare da an bugu ba, musamman da zazzaɓi.

Wasu 'ya'ya maza ana haifarsu da jinin da ba ya daskarewa sosai. In wani a dangin uwa ya taɓa zubar jini mai yawa wurin kaciya, ku gaya mana kafin a yi wa yaronku.

Mai zubar jini kada ya sha asfirin, yana ƙara zubar. Ku zo da duk maganin da kuke sha, har na gargajiya, mu gani.