Amsar Tambaya: Ɗana ya rame, ƙafafunsa sun kumbura

Tambaya: Ɗana wata goma sha huɗu ke gare shi. Tun bayan zawo ya rame, yanzu ƙafafunsa sun kumbura, ko kunu ba ya so. Uwar mijina ta ce haƙori ne. Me zan yi?
Wata uwa daga Ɗan Issa

Amsa: 'Yar uwa, sannu da jinya. Danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa na daƙiƙa uku. In gurbin ya zauna, tamowa ce mai tsanani. Haka ma in awon damtse ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115.

Ki goya shi zuwa likitar CSI yau, kada ki jira ranar kasuwa. Za a gwada ko yana iya cin abincin gyaɗa na Plumpy'Nut. In ya ci kuma ma'aikata ba su ga wata matsala ba, a gida za ki yi jinya, kina komawa awo kowane mako. Tunda naki yana ƙin abinci, mai yiwuwa a tura ku babbar likitar Madarounfa, inda ake fara ba yara madarar F-75 kaɗan-kaɗan. Ki yarda a kwantar da ku, maganin tamowa kyauta ne. Ki je da uwar mijinki ta ji daga bakin ma'aikata, ya fi gardama a tsakar gida.

In an sallame ku, gyaɗar nan magani ce, tasa ce shi kaɗai; kada a raba wa yayyensa, kada a sayar. Ki ci gaba da ba shi nono da ruwa mai tsabta, ya kwana cikin gidan sauro. Ban da jiƙe-jiƙe, ban da kai shi wurin wanzami a cire beli. Ko ya murmure, kada ki daina zuwa awo sai sun sallame shi da kansu. Allah ya ba shi lafiya.